Darasun Waƙa: Me Ya Sa Ake Kai Rubutu Gaban Malami Kafin a Buga?



Bana, da aka ce kowa ya kawo abin da zai shiga wannan ɗan littafi namu na shekara, malamai sun sa sharaɗi guda: ba za a karɓi waƙa ko insha'i ba sai mai shi ya zauna da malami ɗaya, su biyu rak, ya karanta masa daga farko har ƙarshe. 'Yan uwanmu mata kuma su zauna da malama. Wasu sun ji haushin abin. Na ji wani yana cewa ai waƙa baiwa ce, baiwa kuwa ba a yi mata gyara. Wani kuma ya naɗe takardarsa ya mayar aljihu don kada a ga kuskurensa. Ni ma da fari raina bai so ba. Amma na je, har zama uku, kuma shi ya sa na zaɓi in yi bayani a kan wannan zama, don na lura da yawanmu ba mu gane abin da ake nufi da shi ba.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san shi. A halwa a nan Sudan, bayan shehi ya yi maka ramya, wato ya jefo maka ayoyi kana rubutawa, ba ka tashi ka kama hadda sai ka kawo allon ya bi shi baƙi baƙi, wasali wasali. Shi suke kira sihhatul ƙalam, gyaran alƙalami. Daga nan sai sihhatul hashm, gyaran baki: ya karanta kana bi, ka karanta yana saurare. A tsangayun ƙasar Hausa zaman duba alluna sunansa darasu. Dalilin duka ɗaya ne, kuskuren da aka riga aka haddace ya fi wuyar fita. To allo ma ke nan, wanda gobe da safe za a wanke shi. Ina ga takardar da aka buga aka raba wa mutane, wadda za ta kwana shekara goma a akwatin iyayenmu?

Sai dai akwai bambanci babba, kuma shi ne zuciyar maganata. A allo, malam ya san daidai tun kafin ka rubuta. In ka kauce sai ya mayar da kai kan abin da ke cikin Mushafi. A waƙarka kuwa babu wani daidai da aka ajiye a wani wuri. Malam yana iya jin inda ta karye, amma abin da za a sa a wurin yana cikin kanka, ba cikin nasa ba. Shi ya nuna, kai ka gyara.

Abin da aka fara dubawa shi ne kari, wato wazani. Mun karanta a aruli cewa Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra, a ƙarni na biyu na Hijira, shi ya tsara bahurran waƙar Larabawa guda 15, Ahfash ya ƙara na 16, Mutadarak. Malaman ƙasar Hausa sun ɗauki waɗannan ma'aunai sun ɗora waƙoƙinsu a kai, abin kuma ya zauna daram, domin Hausa ma tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Gaɓar da ta ƙare da dogon wasali ko da baƙi tana da nauyi. Wadda ta ƙare da gajeren wasali ba ta da shi. Matsalar ita ce rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, alhali na farko "ga" ɗinsa gajere ne, na biyu dogo. Da ajami sai ka sa alifi ka raba gardama, da boko kuwa ido ba ya ganin komai. Don haka ne malam ba ya cewa ka bar masa takardar ya duba da dare. Cewa yake ka zauna ka rera. Waƙa da kunne ake auna ta.

Ni waƙar da na kai marsiyya ce ta kakana, Allah ya jiƙansa, baiti 31. Muka zauna a rakuba bayan la'asar, ina rerawa, malam yana buga yatsa a kan tabarma. Da na zo baiti na bakwai sai yatsan ya tsaya. A wurin na ce kakana ya shigo gari, amma karin yana neman gaɓa mai nauyi, ni kuma ban sani ba ina jan "ga" ɗin don ya cika. Malam ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Ɗana, garin dawa kakan naka ya shiga ko na gero?" Wallahi na karanta wannan baiti ni kaɗai ya fi sau ashirin, ban taɓa ji ba. Mai waƙa yana rera abin da ya yi nufi, ba abin da ya rubuta ba. Harshensa yana rufa masa asiri. Sai an sami kunnen da ba nasa ba.

Wannan ba ƙanana irinmu kaɗai yake samu ba. Littattafan adabi sun kawo labarin Nabigatuz Zubyani, ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Jahiliyya. Yana da wata ƙasida mai ƙafiyar dali da kasra, "di", sai wani baiti ya fito masa da "du". Wannan aibi sunansa iƙwa'i. Da ya zo Yasriba mutane suka ji nauyin faɗa masa, sai suka sa wata mawaƙiya ta rera baitocin a gabansa, tana jan wasalin ƙarshe sosai. Da ya ji "di" sannan ya ji "du", da kansa ya gane, ya gyara. Ku lura, ba su ba shi kalma ba. Jiyar da shi kawai suka yi.

Malam ya kuma ce mini karin da na zaɓa Rajaz ne, wanda ake yi wa laƙabi da jakin mawaƙa saboda kowa na iya hawansa. Ba mamaki, domin shi kunnenmu ya saba da shi: Alfiyyar Ibn Malik Rajaz ce, Ibn Ashir ma haka. Ya ce marsiyyata tana tafiya kamar matanin nahawu, kuka kuwa ya fi son bahari mai dogon numfashi kamar Ɗawil ko Basiɗ. Ya ɗauko littafin Al-Murshid na Farfesa Abdullahi Ɗayyib ya nuna mini yadda ya yi dogon bayani kan halin kowane bahari da irin jigon da ya dace da shi. Wannan malami, wanda muka fi sani da tafsirinsa a rediyon Omdurman, ya zauna a Kano a shekarun 1960 yana shugabantar Kwalejin Abdullahi Bayero, ya rasu a 2003. Tayyib, na ji bayanin, amma sauya bahari yana nufin rushe waƙar duka. Na ce, "Allah gafarta malam, ina so in bar ta a Rajaz, don shi na iya." Ya ce, "Waƙarka ce." Bai ƙara tayar da maganar ba.

Ƙafiya, ko amsa-amo, ba sai na daɗe a kanta ba, kowa ya san ciwonmu. In kalma ta ƙare mana sai mu cusa "kuwa" ko "fa" ko "ɗan uwa" a ƙarshen ɗango don amo ya fito. Malam yana sa yatsa a kan kalmar ya tambaye ka aikin da take yi. In ka yi shiru, halas, ka amsa.

Me ya sa sai mutum biyu kawai? Ai da sauƙi ya fi a tara mu a aji ɗaya a yi gyaran gaba ɗaya. Amsar tana cikin halin ɗan Adam. An ce a kasuwar Ukaz ana kafa wa Nabigan nan jar laima ta fata, mawaƙa suna zuwa suna rera masa yana yanke hukunci a gaban jama'a. A wani zama, tun kafin Musulunci, ya fifita A'asha da Hansa'u, Hassanu ɗan Sabit ya fusata, shi kuma Nabiga ya soki baitinsa na alfahari: ya ce ya yi amfani da jam'in ƙaranci wajen ambaton akussa da takubban mutanensa, kuma ya yi taƙama da waɗanda suka haifa ya bar waɗanda suka haife su. Sukar tana da kaifi, har yau ana karantar da ita a balaga, amma an yi ta ne cikin zafi, kowa yana kare martabarsa. A gaban taro mutum ba ya jin gyara, dariyar abokansa yake saurare. In ku biyu ne kuwa, za ka iya cewa "ban gane ba" sau uku ba tare da kunya ba, kuma malam zai iya tambayarka abin da ba a tambaya a bainar jama'a.

Irin wannan tambaya ita ta same ni a zama na biyu, kuma ta fi maganar kari nauyi nesa ba kusa ba. A tsakiyar waƙar na yi baitoci biyar ina siffanta kakana yana ɗawafi, yana shan zamzam, yana tsaye a Arfa. Malam ya saurara har na gama, sannan ya ce a hankali, "Marigayi ya sauke farali?" Na sunkuyar da kai. Bai je ba. Kowa a gidanmu ya sani. Na sa ne don na ga haka ake yabon tsofaffi, kuma kalmomin suna zama da kyau a ƙafiyata. Malam bai yi mini faɗa ba. Ya ce mutanen unguwa da suka san shi za su karanta, kakata za a karanta mata, kuma duk za su gane cewa wani mutum dabam nake wa kuka. Sai ya ce in je in tambaye ta labarinsa, kada in dawo sai na ji.

Na je na same ta tana dafa jabana. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni ta yi dariya ta ce, "Kai maigidana, yanzu kai ne za ka kai shi Makka da alƙalami, abin da ƙafarsa ta kasa?" Sannan ta ba ni labarin. Yana saurayi ya baro ƙasar Haɗeja da niyyar hajji, ya biyo hanyar da dubban mutanenmu suka biyo, ta Maiduguri da Abeshe da Janaina da Ubayyid, guzuri ya ƙare, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira, daga baya ya gangaro Gadarif yankan riɗi. Kowace kaka yana ware kuɗin jirgi, kowace shekara wani abu ya taso ya cinye su: haihuwa, ciwo, fari, aurar da 'ya. Ta ce har ya rasu akwai wani farin yadi a ƙasan akwatinsa da ya saya don harami, shi aka yi masa likkafani da shi. Ni jikansa ne, gida ɗaya muka kwana, ban taɓa sanin wannan ba. Na cire baitocin nan biyar na sa uku a kan wannan yadi. Duk wanda ya karanta waƙar zai ga su ne ƙashin bayanta. Da malam ya ɗauki biro ya gyara mini wazanin baitocin ɗawafi, da sun fito sumul, da kuma ƙarya ce mai kyan kari.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu 'yan Gadarif musamman, wato Hausarmu da ta cuɗanya da Larabci. Mu ba ma jin sa, kamar yadda mai gida ba ya jin warin ɗakinsa. Amma in takardar ta faɗa hannun ɗan uwa a Kano ko Maraɗi zai yi ta tuntuɓe. Malam bai ce in share Larabcin duka ba. Rabawa ya yi. Rakuba da jabana da angareb namu ne, rayuwarmu ce, a bar su, in ya so a kewaye su da magana yadda baƙo zai gane. Amma "ya'ani" da "ba'aden" da "mushkila" da ke faɗowa don kasala, alhali Hausa tana da wato da daga baya da matsala, su a fitar da su. Na yarda da wannan rabo, ko da yake ga ni nan ina ta zuba "tayyib" da "halas" a wannan rubutu, ku yi haƙuri, baki ya saba.

To yanzu iyakar mai gyara. A tarihin rubutun Hausa babu zaman mutum biyu da ya fi shahara kamar na Abubakar Imam da Baturen nan Rupert East a Zariya. A 1933 East, wanda ke shugabantar ofishin fassara, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Ruwan Bagaja na Imam, wanda a lokacin malamin makaranta ne a Katsina, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya ya yi kamar wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. East yana kawo masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, Imam yana rubutawa, suna zama suna bin abin da ya rubuta. Imam da kansa ya ambata cewa ya koyi ƙa'idoji da yawa a wannan zama, har da cewa kada a bar mugu ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari. Amfanin zaman a fili yake: Hausar Magana Jari Ce har gobe ita ake buga misali da ita, kuma da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Imam ne ya zama editanta na Hausa. Amma ku dubi waccan ƙa'ida ta mugu da mutumin kirki. Wannan ba nahawu ba ne, ba kari ba ne, ra'ayi ne. East ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka ne, littattafan na makarantunta ne, injin bugun kuma a hannunsa yake. A ganina mai gyaran da ke riƙe da ƙofar bugu dole ya riƙa raba wa marubuci tsakanin "wannan kuskure ne" da "wannan ni dai ban so shi ba", don marubuci ƙarami ba ya iya rabawa da kansa, duk abin da babba ya faɗa doka yake jin sa. Abin da ya burge ni a labarin East shi ne littafin Jiki Magayi: da hannunsa ya shiga aikin sosai, sai littafin ya fito da suna biyu, nasa da na John Tafida. An faɗi gaskiya a bango.

Magabatanmu na Sakkwato ma suna da hanyarsu ta sa hannu a waƙar wani a fili. Waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama biyar. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma an san aikin kowa. Don haka wanda ya ji ɗangwaye suna tsalle a bakinsa yayin da yake duba waƙar ƙaninsa, ƙofar tahamisi a buɗe take, ya yi ya sa sunansa. Na faɗi haka ne saboda abin da ya sami wani abokina bara. Ya ba wani na gaba da mu insha'insa ya duba masa, ya dawo da shi jajawur da biro, an sake kusan kowace jimla. Aka buga, aka yaba, har aka sa shi ya karanta ranar walima. Ya tsaya yana in'ina a kan kalmomin da bai san ma'anarsu ba. Bana bai rubuta komai ba.

Laifin ba na masu gyara kaɗai ba ne. Da yawanmu in mun ce muna neman gyara, taƙrizi muke nema, irin yabon nan da manyan malamai ke rubutawa a farkon littafi. Taƙrizi yana da wurinsa, amma bayan an gama aiki yake zuwa. Wanda ya shiga rakuba yana jiran "ma sha Allah" kawai, da zarar an taɓa baiti ɗaya sai fuska ta murtuke, ya fara "ai abin da nake nufi shi ne kaza". Malam yana da amsa ɗaya ga wannan: ranar da za a karanta littafin ba ka nan balle ka yi bayani. Akwai kuma masu kawo waƙa ana gobe rufe karɓa, tawada ba ta ko bushe ba. Ana cewa Zuhairu ɗan Abi Sulma yana tsara ƙasida cikin wata huɗu, ya tace ta wata huɗu, ya nuna ta ga masana wata huɗu, sannan ya fitar, shi ya sa ake kiran manyan ƙasidunsa hauliyyat, 'yan shekara. Mu ba a ce mu yi shekara ba, amma gyara yana son kwana tsakanin zama da zama. Baitocin yadin nan sai da na yi kwana tara kafin su zo.

A zama na uku malam bai buga tabarma ba sai sau ɗaya. Waƙar ta sauko daga baiti 31 zuwa 19, tana nan cikin wannan ɗan littafi. Kakata ta sa an rera mata sau biyu, ba ta ce komai ba, sai dai ta ce a ajiye mata kwafi ɗaya a akwatin nan. Baiti na 12 har yanzu yana ɗingishi a ɗango na biyu. Malam ya nuna mini wurin, ya ƙi ba ni kalma, ni kuma lokacin bugu ya cim mini ban samo ba. Wanda kunnensa ya kama shi, ina rakuba kullum bayan la'asar. Ya zo shi kaɗai.